Daga tutar Rasha a Kaduna zuwa rikicin Nijar: Yadda wayar hannu ta shiga tsakanin jakadu

Ranar Litinin 5 ga Agustan 2024, kwana na biyar da fara zanga-zangar tsadar rayuwa, wasu matasa suka fito titunan Kaduna ɗauke da tuta mai launin fari da shuɗi da ja. An riga an ga irinta a Kano. Cikin 'yan sa'o'i hotunan suka bazu a Facebook da TikTok da X, suka isa ofisoshin jakadanci a Abuja da manyan biranen Turai. A ranar ce gwamnatin jihar ta sanya dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya, bisa dalilin fasa shaguna da ɓarnar dukiya.

Abin da ya biyo baya ya wuce hurumin 'yan sanda. Ofishin jakadancin Rasha ya fitar da sanarwa yana nesanta kansa da masu ɗaga tutar. Babban hafsan tsaron ƙasa na lokacin, Janar Christopher Musa, ya ce ɗaga tutar wata ƙasa cin amanar ƙasa ne. Bayan kwana biyu Yusuf Maitama Tuggar, a matsayinsa na ministan harkokin waje, ya tara jakadun ƙasashe domin yi musu bayani, kuma a wurin ne hukumar tsaro ta farin kaya ta bayyana cewa ta kama 'yan ƙasar Foland bakwai a Kano. Daga baya aka sake su, bayan da gwamnatinsu ta dage cewa ɗalibai ne da malaminsu.

Ƙyallen da tela zai ɗinka cikin rabin awa ya haɗa ƙasashe uku magana. Da babu kyamara a aljihun kowa, da ya wuce a matsayin tarzomar unguwa. Wannan shi ne sauyin da fasahar zamani ta kawo wa hulɗar ƙasashe a lokacin rikici: ta ƙwace wa gwamnatoci lokaci da sirri, abubuwa biyun da aikin jakada ya dogara a kansu, ta kuma sanya talaka a tsakiyar fage. Wanda ya riga kai magana wayar jama'a, cikin harshen da suke ji, shi ke shata wa shugabanni iyakar abin da za su iya yi.

Jiya wasiƙa da rediyo, yau saƙon murya

Diflomasiyya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A farkon ƙarni na 19, lokacin da ake takaddama tsakanin Sakkwato da Borno a kan halaccin jihadi, Muhammadu Bello da Shehu Muhammad al-Kanemi sun yi musayar wasiƙu masu zafi. Manzo kan yi makonni a hanya. Kafin amsa ta dawo, fushi ya huce, malamai sun yi nazari, mashawarta sun faɗi albarkacin bakinsu. Nisan hanya da kansa wani nau'in magani ne.

Tsarin zamani ya gaji wannan natsuwar. Yarjejeniyar Biyana ta 1961 ta kare jakada da jakar wasiƙunsa, domin ƙasashe su iya faɗa wa juna magana mai ɗaci a bayan labule, kowa ya fito da mutuncinsa. Ko layin sadarwa na musamman da Amurka da Tarayyar Sobiyet suka kafa a 1963, bayan rikicin makamai masu linzami na Kyuba, an yi shi ne domin shugabanni biyu su yi magana cikin gaggawa ba tare da kunnen duniya ba.

Kaduna ta daɗe da sanin ƙarfin murya mai tsallake iyaka. Gidan rediyon da aka kafa a 1962 a zamanin Sardauna, wanda ke Titin Yakubu Gowon, ya yi shekaru ana sauraronsa a Maraɗi da Damagaram da Zangon Kumasi. Sai dai rediyo yana da edita, yana da lokacin labarai, yana da wanda za a kama idan ya yi ƙarya. Saƙon murya na WhatsApp ba shi da ko ɗaya daga cikin ukun. Ɗan kasuwa a Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da abokin cinikinsa a Birnin Ƙonni suna iya jin magana ɗaya a minti ɗaya, kafin ma'aikacin ma'aikatar harkokin waje ya buɗe ofis.

Wa'adin kwana bakwai a bainar jama'a

Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 shi ne gwaji mafi girma da wannan yanki ya gani. Dakarun fadar shugaban ƙasa suka tsare Mohamed Bazoum, amma wayarsa ta ci gaba da aiki. Washegari ya wallafa saƙo a Twitter yana tabbatar wa magoya bayansa cewa nasarorin da aka samu ba za su salwanta ba. Ya riƙa magana da shugabannin duniya daga inda ake tsare da shi, sannan a ranar 3 ga Agusta jaridar Washington Post ta buga maƙalarsa, inda ya nemi Amurka da sauran ƙasashe su taimaka a maido da tsarin mulki. A juye-juyen mulkin da, sojoji kan kame gidan rediyo ne magana ta ƙare. A wannan karon hamɓararren shugaba ya ci gaba da gudanar da harkokin waje daga ɗakin da aka kulle shi.

Ranar 30 ga Yuli shugabannin ECOWAS suka hallara a Abuja ƙarƙashin Shugaba Bola Tinubu, suka rufe iyakoki, suka ƙaƙaba takunkumi, suka ba sojojin kwana bakwai su maido da Bazoum ko a yi amfani da ƙarfi. Najeriya ta katse wutar lantarki, wadda ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na abin da Nijar ke amfani da shi. Magana zarar bunu ce. Da aka furta wa'adin a gaban kyamara, sai ya zama agogon da kowa ke ƙirgawa a wayarsa. Janar Abdourahamane Tchiani ba zai iya sassautawa ba tare da an ce ya ji tsoro ba, ECOWAS ma ba za ta iya ja da baya ba tare da an ce ta yi amai ta lashe ba.

Fadar shugaban ƙasa ta san inda fagen yake. A wasiƙar da Tinubu ya aike wa Majalisar Dattawa, wadda aka karanta ranar 4 ga Agusta, cikin matakan da ya lissafa har da wayar da kan 'yan Najeriya da 'yan Nijar, musamman ta kafofin sada zumunta. Amma kafin gwamnati ta fara, jama'a sun yi nisa. Malamai a kan mumbari, mawaƙa, direbobin manyan motocin da suka maƙale a Jibiya da Illela da Maigatari, 'yan'uwan da aure da fatauci suka raba tsakanin Katsina da Maraɗi, kowa ya ɗauki waya. Saƙon ɗaya ne: yaƙi da Nijar yaƙi da gida ne.

Kaduna ta kasance cikin wuraren da wannan ra'ayi ya samu hatimin manya. Ƙungiyar Tuntuɓa ta Arewa da ke Titin Sakkwato da Jama'atu Nasril Islam, wadda ita ma hedikwatarta ke birnin, duk sun fito sun ƙi amincewa da matakin soja. Sanatocin Arewa suka tunatar da cewa jihohi bakwai ne ke iyaka da Nijar: Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Katsina da Jigawa da Yobe da Borno, a kan layin da ya kai kimanin kilomita 1,500. Ranar 5 ga Agusta Majalisar Dattawa ta shawarci shugaban ƙasa da ya bi hanyar siyasa da sulhu. Wa'adin ya cika washegari ba a harba harsashi ko ɗaya ba. Ko da taron 10 ga Agusta ya ba da umarnin shirya rundunar ko-ta-kwana, ba ta taɓa motsawa ba.

Ba za a ce waya kaɗai ta hana yaƙin ba. Akwai matsalar kuɗi, akwai barazanar Mali da Burkina Faso cewa taɓa Nijar taɓa su ne, akwai adawar Aljeriya. Sai dai Najeriya ce ƙashin bayan duk wata rundunar ECOWAS, kuma babu shugaban da zai tura soja ta Illela alhali mutanen Illela sun ce ba su yarda ba, duniya kuma tana jin su kai tsaye.

Lokacin da Hausa ta zama harshen hulɗar ƙasashe

Darasi na biyu ya zo ne ranar 25 ga Disambar 2024. Wata guda bayan ziyarar aiki da Tinubu ya kai Faransa, Janar Tchiani ya yi hira da gidan talabijin na ƙasarsa cikin harshen Hausa, ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa domin hargitsa Nijar, ya ambaci Lakurawa, ya kira sunayen manyan jami'an tsaron Najeriya. A bisa al'ada, irin wannan zargi takarda ake rubutawa a miƙa wa ofishin jakadanci. Janar ɗin ya tsallake Abuja gaba ɗaya, ya yi magana da mutumin Kawo da Unguwar Sarki da Tudun Wada cikin yarensa, ba tafinta.

An yanka hirar gunduwa-gunduwa, ta shiga zaurukan WhatsApp na 'yan kasuwa da na ma'aikata. Ministan yaɗa labarai Mohammed Idris ya musanta zargin a sanarwar da aka fitar da Turanci, ECOWAS ma ta yi haka. Martanin da ya fi isa kunnen jama'a shi ne hirar da mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Nuhu Ribadu, ya yi da BBC Hausa, inda ya ce Najeriya ba ta ba wata ƙasa wurin kafa sansanin soja ba. Abin lura, tun ranar 12 ga watan gwamnatin Nijar ta dakatar da shirye-shiryen BBC na wata uku, kamar yadda ta rufe RFI da France 24 tun Agustan 2023. Don haka mutumin Yamai da ya ji amsar Ribadu, a waya ya ji ta.

A 2025 sabon kundin da sojojin Nijar suka kafa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci harshen aiki. Ma'anar wannan ga Najeriya a fili take. Maƙwabciyarta ta arewa za ta ci gaba da magana da miliyoyin 'yan Najeriya kai tsaye, yayin da ita Abuja ke rubuta sanarwa da Turancin lauyoyi, ta jira 'yan jarida su fassara. A fagen da minti ke da tsada, wanda ke jiran tafinta kullum a baya yake.

Hatta ficewa daga ƙungiyar ƙasashe ta bi wannan salo. Ranar 28 ga Janairun 2024 Mali da Burkina Faso da Nijar suka karanta sanarwar barin ECOWAS a gidajen talabijin ɗinsu. Amsar farko da ƙungiyar ta bayar ita ce ba ta samu takarda a hukumance ba. Masu waya sun ji labarin kafin sakatariyar da abin ya shafa.

Sai bango ya tsage

Filin da ya buɗe wa talaka ya buɗe wa wasu ma. A Disambar 2020 kamfanin Facebook ya sanar da rufe wasu shafukan bogi da ke yaɗa farfaganda a ƙasashen Afirka, ya ce wasu na da alaƙa da mutanen da ke da dangantaka da sojojin Faransa, wasu kuma da Rasha. Ɓangarorin biyu sun riƙa shigar burtu a matsayin 'yan Afirka suna zagin juna. Da aka yi juyin mulkin Nijar, shugaban sojojin hayar Wagner, Yevgeny Prigozhin, ya yi maraba da shi ta saƙon murya a Telegram. A 2025 bidiyoyin da aka haɗa da ƙirƙirarriyar basira suka cika intanet, ana nuna fitattun mawaƙan Amurka suna yabon Kyaftin Ibrahim Traore na Burkina Faso, har da wani da aka jingina wa Fafaroma Leo na 14, wanda fadar Batikan ta ƙaryata.

Wannan ba sabon makami ba ne a duniya. A watan Mayun 2017 aka wallafa wasu kalamai da sunan Sarkin Ƙatar a shafin kamfanin dillancin labaran ƙasar, Ƙatar ta ce kutse aka yi mata, amma cikin mako biyu Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Bahrain da Masar suka yanke hulɗa da ita, rikicin da bai ƙare ba sai a Janairun 2021. A Maris ɗin 2022 aka yaɗa bidiyon bogi na Shugaba Volodymyr Zelensky yana umartar sojojin Yukren su ajiye makamai.

Amma kuskure ne a ɗora wa baƙin hannu komai. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yaron da ya ɗaga tutar Rasha a Kaduna ba lallai ya san inda Mosko take ba. Abin da ya sani shi ne farashin kwanon masara, da bidiyon da ya nuna masa cewa a Yamai an ɗaga wannan tuta an kori Faransa. Su ne kuma suka biya farashi. A ranar 1 ga Nuwambar 2024 aka gurfanar da yara masu ƙananan shekaru a Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja, wasu suka faɗi a gaban alƙali saboda galabaita. Bidiyon wannan faɗuwa ya tayar da ƙura a ciki da waje, shugaban ƙasa ya ba da umarnin sakinsu, aka miƙa su ga gwamnonin Kano da Kaduna. Wayar da ta kai su kurkuku ita ta fito da su.

Inda fasahar ta ceci rai

Adalci ne a faɗi alherinta. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, dubban 'yan Najeriya suka maƙale a Khartum, da yawansu ɗalibai ne daga jihohin Arewa. Gwamnati ta ce ta kashe dala miliyan 1.2 wajen hayar motocin safa 40 zuwa iyakar Masar. Da direbobi suka tsaya a tsakiyar sahara suna neman cikon kuɗinsu, ɗaliban suka ɗauki bidiyo suka tura gida. Iyaye suka yaɗa, 'yan jarida suka ɗauka, hukumomi suka shiga amsa tambayoyi. Rukunin farko ya sauka Abuja ranar 3 ga Mayu. Shekaru talatin baya, sai dai iyayen su zauna gindin rediyo suna addu'a.

Ƙananan ƙasashe da masu rauni ma sun samu murya. A ranakun farko na mamayar Rasha a 2022, Zelensky ya ɗauki kansa bidiyo a kan titin Kiyef domin nuna bai gudu ba, sannan ya yi jawabi ga majalisun ƙasashe da dama ta allo ba tare da ya bar ƙasarsa ba. Wani ministansa ya roƙi Elon Musk intanet ɗin Starlink ta Twitter, aka amsa masa cikin 'yan sa'o'i. A lokacin annobar korona, taron ƙasashen G20 na Maris ɗin 2020 da Saudiyya ta jagoranta ta bidiyo aka yi shi.

Masu dandali sun zama masu faɗa a ji

Wannan misali na Starlink ya nuna wani sauyi: kamfanoni sun shiga sahun ƙasashe. Denmak ta gane haka tun 2017, ta naɗa jakada na musamman ga kamfanonin fasaha. Najeriya ta koyi darasin ta hanya mai ɗaci. A Yunin 2021 Twitter ya goge wani saƙon Shugaba Muhammadu Buhari, gwamnati ta dakatar da dandalin, kuma a kan dandalin ma'aikatar yaɗa labarai ta wallafa sanarwar dakatarwar. Ofisoshin jakadancin Amurka da Birtaniya da Kanada da Ailan da Tarayyar Turai suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa suna suka, ministan harkokin waje na lokacin, Geoffrey Onyeama, ya gayyace su. An shafe wata bakwai ana tattaunawa da kamfani kamar yadda ake yi da ƙasa, kafin a ɗage haramcin ranar 13 ga Janairun 2022.

A ƙarshen 2025 abin ya kai wani mataki. Ranar 31 ga Oktoba Shugaba Donald Trump ya sanar a dandalinsa na Truth Social cewa ya sanya Najeriya cikin jerin ƙasashen da ake damuwa da su kan 'yancin addini, washegari kuma ya yi barazanar matakin soja. Tinubu ya mayar da martani a X. Harin da Amurka ta kai a jihar Sakkwato ranar 25 ga Disamba ma a wannan dandali Trump ya fara sanar da shi, kafin ma'aikatar harkokin wajen Najeriya ta tabbatar cewa da haɗin gwiwarta aka yi. Ga birni irin Kaduna, wanda ya san raɗaɗin rikicin 2000 da na 2002, har kogi ya zama iyaka tsakanin unguwanni, saƙo guda daga Washington a kan addini ba abin wasa ba ne.

Barazanar ta tarar da Najeriya ba ta da jakada a Washington. Tun Satumbar 2023 aka janye jakadun ƙasar baki ɗaya, ba a aika wa Majalisar Dattawa sababbin sunaye ba sai a ƙarshen Nuwambar 2025. Sai da Ribadu ya jagoranci tawaga zuwa Amurka a watan. Fiye da shekara biyu ƙasa mafi yawan jama'a a Afirka ta yi tana jin saƙon duniya a waya, kujerun masu amsawa a madadinta kuma babu kowa.

Abin da ya shafi aljihu

Mai shago a Titin Ahmadu Bello ko ma'aikaci a sakatariyar Kawo zai iya cewa wannan maganar manya ce. Lissafin kasuwa ya nuna akasin haka. Iyakar Nijar ta kasance a rufe daga ƙarshen Yulin 2023 har zuwa Maris ɗin 2024, bayan da ECOWAS ta janye takunkumi ranar 24 ga Fabrairu. A tsawon watannin nan, dabino da wake da dabbobin da ke gangarowa kudu, da hatsi da kayan masarufin da ke haurawa arewa, sai dai su bi ta ɓarauniyar hanya, kuɗin hanya kuma ya hau kan mai saye. A Oktobar 2024 Nijar ta hana fitar da hatsi zuwa ƙasashen da ba na ƙawancen Sahel ba, a Mayun 2025 kuma ta hana fitar da dabbobi gab da Babbar Sallah. Mai neman ragon layya a Zangon Tudun Wada ya san ma'anar hakan ba sai an yi masa sharhi ba.

Akwai kuma manyan ayyukan da makomarsu ke rataye da zumuncin ƙasashen biyu: layin dogo na Kano zuwa Maraɗi mai tsawon kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a Fabrairun 2021, da bututun iskar gas na Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, wanda ake fatan wata rana ya ratsa Nijar ya kai Aljeriya. Duk lokacin da wani bidiyo ya tayar da jijiyar wuya tsakanin Abuja da Yamai, waɗannan ayyuka da farashin sefa a hannun 'yan canji suna ji a jikinsu. Ɗan kasuwar da ya tura saƙon murya bai tantance ba, wataƙila kayansa ne zai kwana a iyaka.

Zumunta a ƙafa take

Duk da wannan hayaniya, tarihin shekarun nan ya nuna cewa babu rikici ko ɗaya da aka kashe a kan allo. A farkon Agustan 2023 tawagar Janar Abdulsalami Abubakar da Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ta dawo daga Yamai ba ta ga Tchiani ba. Babbar jami'ar Amurka Victoria Nuland ma ta je ranar 7 ga watan ba ta gan shi ba. Ranar 9 ga Agusta Muhammadu Sanusi II ya shiga wurinsa tare da Sarkin Damagaram. Bayan kwana uku tawagar malamai ƙarƙashin Sheikh Abdullahi Bala Lau ta zauna da shi, sannan ranar 19 ga watan Abdulsalami ya koma, ya gana da Tchiani, ya ga Bazoum da idonsa. Rawani da malanta da tsohuwar sanayya ne suka buɗe ƙofar da sanarwa ta rufe. Waya ta yi nata aikin daga baya, ta yaɗa hotunan ganawar, hankalin jama'a ya kwanta.

Haka aka yi bayan zargin Disambar 2024: sai da Tuggar ya taka zuwa Yamai a Afrilun 2025 ya zauna da takwaransa Bakary Yaou Sangare. Haka kuma a Disambar 2025, lokacin da jirgin sojin saman Najeriya ya sauka a Bobo Dioulasso, ƙawancen Sahel ya karanta sanarwa mai zafi a kan keta sararin samaniya, aka tsare sojoji 11. Ba a sake su ba sai da ministan ya je Wagadugu ya gana da Traore.

Abin da wannan ke buƙata daga hukuma ba mai wuyar fahimta ba ne. Ma'aikatar harkokin waje na buƙatar masu magana da Hausa da Kanuri da Fulfulde da Faransanci, waɗanda za su fito da murya da fuska a awannin farko na rikici, kafin jita-jita ta yi saiwa. Tana buƙatar jakadu a kan kujerunsu, musamman a ƙasashe maƙwabta, da farfaɗo da hukumar haɗin gwiwar Najeriya da Nijar da aka kafa tun 1971. Ya kamata kuma a daina tuna sarakuna da malamai da shugabannin kasuwa sai wuta ta kama, domin su ne ke da lambar wayar da ake ɗauka a ɗaya ɓangaren. Barazana kuwa, idan ta zama dole, a ɗaki ake yin ta.

Kaduna na da kayan aikin da za ta taimaka. Gidan Arewa da ke Titin Rabah na riƙe da takardun zamanin da Sardauna da shugabannin Nijar ke mu'amala, Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta NDA da Jami'ar Jihar Kaduna na da malaman da ke nazarin tsaro da hulɗar ƙasashe, gidajen rediyon birnin kuma har gobe ana jin su a ƙetare. Sauran nauyin na kan mai waya. Rikici na gaba tsakanin Abuja da wata ƙasa, kafin ya isa teburin minista, zai fara sauka a zauren WhatsApp na 'yan layi a kasuwa ko na abokan aiki a ofis, wani kuma zai yanke shawarar ya tura ko ya dakata ya bincika.